Kafin ka tura kuɗin ɗakin nan

Assalamu alaikum ɗana,

Ya karatu, ya kuma baƙunta. Mu nan lafiya lau, Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka. Na ga hotunan tallan nan guda uku da ka turo min jiya da daddare, na ɗakin haya da na aiki da na wancan mai cewa yana rubuta wa ɗalibai furojet, kuma naga a ƙasa ka rubuta wai Abba a turo da wuri kar wani ya riga ni. To wallahi wannan "kar wani ya riga ni" ɗin ita ta hana ni barci, shi yasa ban kira ka ba na zauna na rubuta, dan in waya ce zaka yi ta cewa to Abba to Abba muna ajiyewa ka manta, wannan kuwa ko gobe ka dawo ka sake karantawa.

Kuɗin suna nan, ba hana ka zanyi ba, ka kwantar da hankalinka.

Garin da jami'a take a cikinsa ba kamar sauran garuruwa bane. Duk shekara sai an zubo sabbin yara dubbai a lokaci ɗaya, basu san unguwa ba basu san kowa ba, kowa da kuɗin iyayensa a aljihu kuma kowa a mako guda yake neman ɗaki da katifa da ɗan aikin da zai rage zafi. Masu gidan haya sun san wannan lokacin, dillalai sun sani, 'yan damfara kuwa sun fi ku sanin ranar da ake komawa makaranta. Ban ce duk mai talla macuci bane, yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, amma shi talla magana ce kawai ta wanda baka sani ba, babu wanda ya tantance ta kafin ta iso wayarka. A zamaninmu takarda ake mannawa a allon sanarwa ko jikin falwaya, mai ɗan hali ya biya jarida ta sa masa layi uku a shafin ƙananan tallace-tallace. Daga baya abin ya koma intanet, wani Craig Newmark ya fara shafin tallace-tallace na Craigslist a San Francisco a 1995, Facebook suka buɗe nasu Marketplace a 2016, yanzu kuma ga guruf-guruf na WhatsApp da Telegram ba iyaka. Sa talla ya zama kyauta, kuma mai sa shi yana iya zama a wata ƙasar daban yana tallan ɗakin da bai taɓa taka ƙofarsa ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ina shekara ta biyu na ga takarda a allo an rubuta ɗaki na haya kusa da makaranta, na nemi mutumin ya zo da fara'arsa da kayansa masu tsafta ya kai ni gidan, amma yace makullin yana hannun ƙaninsa da ya yi tafiya, sai ta taga na leƙa. Har yau ina tuna abin da na gani, ɗaki fes an yi masa sabon fenti shuɗi, da fanka a sama. Yace akwai wasu mutum biyu da zasu zo da yamma, in ina so in ba da kafin alƙalami yanzu. Na ƙirga masa rabin kuɗin shekara a tsaye a bakin titi, ya yago takarda daga littafin rubutu ya yi min rasit. Ranar tarewa na zo da katifa a ka da akwati a hannu, na tarar da wasu ɗalibai biyu a ƙofar kowa riƙe da irin takardata, rubutu iri ɗaya, sai ga ainihin mai gidan ya fito wani dattijo yace shi bai san mutumin ba kuma ɗakin tuni yana da mai shi. Asarar kuɗin ta yi min ciwo, amma abin da ya fi ci min rai kuɗin kakanka ne da ya tara da guminsa kuma kunya ta hana ni gaya masa, zango guda cur ina kwana a ƙasa a ɗakin abokina, sakamakona na wannan zangon shi ne mafi muni a duk karatuna.

To ka sake duba tallan da ka turo. Hotuna sun yi kyau kamar otal, kuɗin kuma ya yi ƙasa sosai da na sauran ɗakunan da ka ce min ka tambaya a wannan layin, mai gidan wai baya gari, wai ka tura ajiya zai aiko wani da makulli. Ruwa baya tsami banza ɗana. Ka ɗauki hoton nan ka sa shi a Google Lens, manhajar nan mai binciko inda hoto ya fito, ka gani, sau da yawa zaka same shi a wani shafin, a wani gari, da wani suna, sun kwafo ne kawai. Ko baka same shi ba ma magana ɗaya ce, ɗakin da ƙafarka bata shiga ba babu ko sisi.

In ka je gani ka je da rana kuma da aboki. Ka shiga ciki ka rufe ƙofa ka ga ko sakata tana kamawa, ka murɗa famfo da hannunka kar ka yarda da "ai ruwa yana zuwa", ka sa cajarka a soket, ka ɗaga kai ka duba silin da kusurwoyi, in ka ga tabo ruwan ƙasa ko fenti ya kumbura to yoyo ne an rufe shi da sabon fenti. Ka shiga banɗaki ka tambaya mutum nawa ke amfani da shi. Ka duba inda ake ajiye janareta ko duk wani abu mai ƙona mai ko gas, in kusa da tagar kwananka ne ka haƙura da ɗakin ko kyauta ne, domin iskar da yake fitarwa bata da launi bata da wari, mutum yana barci take kashe shi. Sannan ka dawo da daddare ka ji yadda unguwar take, ka taka da ƙafa daga nan zuwa ajinku kana duba agogo, dan "minti biyar zuwa makaranta" na cikin talla wani lokacin da mota aka auna shi. Wanda zai gaya maka gaskiyar gida kuwa ba dillali bane, ɗan hayar da yake ciki ne ko wanda yake tashi, ka tare shi shi kaɗai ka tambaye shi me yasa zai tashi, kuma an mayar masa da kuɗin ajiyarsa ko ana ta ja masa rai. Shi zai nuna maka ainihin mai gidan ma.

In komai ya yi, a rubuta. Nawa ne, daga yaushe zuwa yaushe, wa ke biyan wuta da ruwa, mita ɗaya ce ko kowa da tasa, wa ke gyara in abu ya lalace, sanarwar kwana nawa kafin tashi. Sunan da ke kan yarjejeniya ya zama shi ne sunan da ke kan asusun da za a tura kuɗin, in suka bambanta ka tsaya ka kira ni. Ranar da ka tare ka ɗauki hoton kowane bango da kowace tsaga kafin ka shigar da kaya, ranar tashi zaka gode min.

Maganar aiki kuma, naji daɗi da kake so ka rage min nauyi, Allah ya yi maka albarka. Amma tallan nan babu sunan kamfani, babu adireshi, bai ce ga aikin da za a yi ba, sai albashi mai tsoka da "daga ɗakinka, awa biyu a rana", a ƙarshe kuma a biya kuɗin fom da na horo. Shi aiki kuɗi daga hannun mai aikin yake gangarowa zuwa naka, in ka ga ruwan ya juya yana hawa sama to ba aiki bane. Ko kamfanonin da sana'arsu ita ce samar wa mutane aiki, yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1997 cewa tayi kar su karɓi kuɗi a hannun mai neman aikin.

Salonsu yana da yawa. Akwai wanda za a ce ka riƙa danna alamar so a bidiyo ko ka ba otal tauraro biyar, a biya ka ɗan abu sau ɗaya sau biyu har ka saki jiki, sai a ce ka zuba naka dan a buɗe maka babban mataki, daga nan shikenan. Akwai wanda zai turo maka cek ko alat na kuɗin da ya wuce ladanka yace kuskure ne ka mayar da ragowar, ka mayar daga aljihunka, bayan kwanaki banki ya gano na bogi ne ya janye. Wanda ya fi bani tsoro shi ne a ce ka ba da aron asusunka, kuɗi su shigo ka cire kasonka ka tura sauran gaba. Wannan kuɗin sata ne ake wankewa ta hannunka, ɗalibai ake nema musamman dan asusunsu sabo ne babu zargi a kansa, hukumar 'yan sandan Turai Europol ta daɗe tana gargaɗin matasa a kai. Ranar da asiri ya tonu sunanka ne a takarda ba nasu ba, kuma "ban sani ba" bata cika fitar da mutum ba. Na ƙasar waje kuwa, wai aikin kwamfuta da tikiti kyauta da masauki, ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a 2023 cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya ana tsare da su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet, kuma da yawansu masu ilimi ne da suka bi tallan aiki, suna sauka aka karɓe fasfo.

Lambar sirrin katinka da lambar nan da banki ke turowa ta saƙo, babu mai ba da aikin da yake buƙatarsu. Hoton katin shaidarka ma sai ka ga ofis da idonka. Intabiyu a ɗakin otal ko gidan wani ba a zuwa, wannan ka gaya wa ƙanwarka ma tunda baɗi in Allah ya kai mu ita ma tana tafe.

Aikin gaske yana nan, sai dai baya ihu. Ɗakin karatu, ɗakin gwaje-gwaje, taya malami tattara bayanai, shago, koyar da yara darasi. Ka fara da ofishin harkokin ɗalibai da allon sashenku, ka tambayi 'yan ajin gaba da ku. Kuma ka auna lokacinka, a Ingila da Amurka ɗalibin jami'a da ya je da bizar karatu awa 20 a mako aka yanke masa lokacin da ake zango, ni a ganina kai ko wannan ya yi maka yawa a shekarar farko, karatu ka je yi.

Na ukun nan mai rubuta furojet da asaimen, nasan ka ce dan in gani kawai ka turo, na yarda da kai, amma zan faɗa. Ostireliya ta haramta wannan sana'ar a 2020, Ingila ta bi a 2022, jami'o'i kuma suna da manhajoji irin su Turnitin masu gano rubutun da aka kwafo. Kuma wanda ya rubuta maka ya riƙe wuyanka kenan, yana da sunanka da sashenka da shaidar biyanka, akwai waɗanda suke dawowa daga baya su ce a ƙaro kuɗi ko su kai ƙara makaranta. Ko babu wanda ya kama ka ma, ranar da ka tsaya gaban malamai kare aikin da ba kai ka yi ba, tambaya biyu ta isa. Ka kawo min sakamako mai rauni na guminka zan karɓa hannu bibbiyu.

Sauran masu hidima ka bi da tambaya, matambayi baya ɓata. Mai gyaran waya ko laftof ka je wanda abokanka suka gwada, ka kwashe hotunanka da takardunka kafin ka miƙa. In waya ta hannu zaka saya ku haɗu a cikin jama'a, ka danna *#06# lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15 zata fito, ka gwada ta da ta jikin kwali da rasit, in babu kwali babu rasit ka barta kar ka sayi kayan sata.

Ummanka tace kai ma kana so ka sa tallan koyar da lissafi. Madalla, ka sa. Ka rubuta abin da ka iya kawai, ajin da zaka iya koyarwa, ranakun da kake da sarari, kar ka kira kanka ƙwararre kana shekarar farko, kar ka sa adireshin ɗakinka. Iyayen da zasu karanta tallan nan suma suna jin irin tsoron da nake ji yanzu, in suka ce sai sun ganka sun ga katinka na makaranta kar ka ji haushi.

In kuma har ka riga ka tura wa wani wani abu baka gaya min ba, dan Allah ka gaya min yau, ba zan yi faɗa ba wallahi, a irin wannan awa ɗaya ma tana da amfani wurin kiran banki.

Ranar Asabar ka ɗauki abokin nan naka ku je ku ga ɗakin. In an buɗe muku ka kira ni ta bidiyo daga ciki, ka murɗa famfon ina kallo, ka haɗa ni da mai gidan mu gaisa, kafin ka fito daga layin kuɗin sun shiga. In ba a buɗe ba ka ci gaba da zama inda kake mu nemi wani, zan kira mutanen da suka sauke ka in roƙe su ƙarin mako biyu.

Allah ya tsare min kai, ya ba da sa'ar karatu.

Abbanka