Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Neman Wakilin Littafinta

Garwa, Kamaru

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya ɗalibai, ya sanyin Ngaundare? Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Innarki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Bayan haka, na karanta babukan da kika turo, na kuma ji batun da ke ranki. Allah ya yi miki albarka. Kin ce tunda da Turanci kika rubuta littafin nan naki na yara, kina so ki soma aika wa wakilan marubuta na Amurka da Ingila, kuma wasu abokan aikinki sun ce sai kin cusa masa soyayya da sihiri, don abin da ake yayi ke nan. Ni ba marubuci ba ne. Amma a shagon littattafai na tsufa, ina bin labarin wannan sana'a, ina ganin abin da ke tafiya da abin da ke yin kwantai. Da wannan idon zan ba ki amsa.

Wakilin nan dillali ne, kamar na kara: ba ya cin la'ada sai ciniki ya faɗa. Abin da aka saba shi ne ya cire kashi 15 cikin ɗari daga kuɗin da kamfanin buga littattafai na ƙasarsa ya biya marubuci, kashi 20 kuma idan an sayar da haƙƙin fassara a wata ƙasa. Kafin nan ko dala ba za ki ba shi ba. Ƙungiyar wakilan Amurka, AALA, ta hana 'ya'yanta karɓar kuɗin karanta rubutun marubuci. Saboda haka duk wanda ya aiko miki da imel yana yabon rubutunki, daga baya ya ce ki turo kuɗin rajista ko na gyara, ki rufe ki wuce. Wasu har sunayen wakilai na gaske suke ara. Akwai shafin Writer Beware da ya daɗe yana tona asirin irinsu, ki duba kowane suna a can kafin ki amsa. Dalilin da ya sa ake wahalar neman wakili kuwa shi ne, manyan kamfanoni biyar na New York, wato Penguin Random House da HarperCollins da Simon & Schuster da Hachette da Macmillan, akasarin rassansu ba sa duba rubutun da bai biyo ta hannun wakili ba.

Akwai abu biyu a littafinki da za su sa a mayar da ke tun ba a karanta shafi ɗaya ba, kuma ba ruwansu da yayi. Na farko shekarun yarinyar. Su can sun yanka kasuwar yara gida-gida: akwai na 'yan shekara 8 zuwa 12, akwai na matasa daga 12 ko 13 zuwa 18, kowanne da kantarsa a shago da editansa a kamfani. 'Yar masuncin tafkin Lagdo, na kogin Binuwai, da kika rubuta shekararta 13, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ciki ba ta waje. Yaro yana son karanta labarin wanda ya ɗan girme shi, shi ya sa jaruman littafin matasa suka fi yawa a 16 da 17, na yara kuma a 11 da 12. Yadda na ji muryarta, da yadda hankalinta ke kan kwalekwalen ubanta da ƙanenta da ya ɓace, ba kan samari ba, ni a ganina ta ƙananan ce. Ki mayar da ita 12. Na biyu tsawo. Kin ce ya haura kalma dubu 100. Littafin 'yan 8 zuwa 12 yakan tsaya ne wajen dubu 30 zuwa 50, kuma a 'yan shekarun nan editoci sun fi neman gajere. Na san yanka zai yi miki ciwo. Ki yanka. Shafukan farko da kika cika da tarihin gina madatsar ruwan, ki rage su zuwa layi kaɗan, ki bar yarinyar ta fara magana.

Ita takardar neman wakilin shafi ɗaya ce, kalma 300 ko kusa da haka. Sunan littafi, rukuninsa, yawan kalmominsa. Sai ki faɗi wace ce yarinyar, me take so, me ya tare mata hanya, me za ta rasa idan ta gaza. Sai littattafai biyu na 'yan shekarun nan da naki zai zauna kusa da su a kanta. Sai layi biyu a kanki. Kada ki buɗe da doguwar gaisuwa irin tamu, ba rashin ladabi suke ɗaukar taƙaitawa ba. Kowane wakili yana rubuta abin da yake so a turo masa, wani shafi 5, wani 10, wani babi uku da taƙaitaccen labarin har ƙarshensa. Ki bi shi yadda ya ce. Shafukan intanet na QueryTracker da Manuscript Wish List za su nuna miki wa ke karɓa da abin da yake nema. Ki aika wa mutum shida ko takwas, ki jira. Idan babu wanda ya nemi cikakken littafin, to takardar ko shafukan farko ne ke da matsala, sai ki gyara kafin ki ƙarar da sauran sunayen. Da yawansu ba sa amsawa ko kaɗan, shirun wata biyu ko uku shi ne a'arsu. Kada ki bi su da saƙo kina tambayar laifinki.

Ita kuma tatsuniyar da kike so ƙaninki ya zana miki, ki bar zanensa a gida. Littafin hotuna na ƙananan yara galibi shafi 32 ne, da kalmomi 'yan ɗaruruwa, kuma kamfani ne ke zaɓar mai zane, ba marubuci ba. Ki lallashe shi, kada ya ji haushi.

To, batun yayi. Na ga wucewarsu da idona, domin fassararsu ta Faransanci tana isowa har nan. Daga 2005 aka shiga yayin soyayya da masu shan jini. Daga 2008 aka koma labaran duniyar da ta lalace, matasa na yaƙi da azzalumar hukuma. A 2014 aka fara kiran nan na We Need Diverse Books, cewa yaran da ba Turawa ba su ma su ga kansu a littafi, kuma a 2018 littafin Tomi Adeyemi, 'yar asalin Najeriya, wanda ta gina kan al'adun Yarbawa, ya yi kasuwa ƙwarai, wakilai suka yi ta neman irinsa. Daga 2020 kuma TikTok ne ke ɗaga littafi, mafi yawa soyayya haɗe da sihiri, abin da abokanki suke gani ke nan. Abin da ba su lissafa ba shi ne lokaci. Neman wakili yana iya cin shekara. Shi ma sai ya gyara da ke, sannan ya kai wa editoci. Bayan an sa hannu a kwangila kuma, littafi yakan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya fito. Abin da ke saman kanta yau, an saye shi ne tun shekaru biyu ko uku da suka wuce. Idan kika soma dinka wa yayin bana riga, kafin ki gama an canja ɗinki.

Sannan ki san wa ke saye. Wani bincike na kamfanin Bowker a 2012 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan matasa a Amurka manya ne, 'yan 18 zuwa sama. Shi ya sa wannan rukuni ke ta ƙara tsufa, ana sa masa abin da ni ba zan miƙa wa 'yar aji uku a lise, wato sakandare, ba. Kasuwar 'yan 8 zuwa 12 kuwa ta ja baya a Amurka bayan 2021, wannan gaskiya ce, kuma za ki ji wakilai suna cewa sayar da irin naki ya yi wuya. Abin da ke tafiya a wurin yaran shi ne gajeren labari da labari cikin zane. A 2020 ma littafin zane ne ya ci lambar Newbery ta littattafan yara a Amurka, karo na farko. Ban ɓoye miki ba, ƙofar ta ƙuntata. Amma gajarta littafi da saurin shiga labari gyara ne da zai amfani yarinyarki ko ina ta je. Ƙaƙaba mata saurayi da aljani kuwa zai mai da ita ta kowa, ga dubban masu rubuta wannan da suka fi ki sanin masu karatunsa. Abin da ba su da shi shi ne wanda ya san yadda ake jan taru a Binuwai, da fargabar mutanen ƙasan madatsar idan aka ce za a buɗe ruwan Lagdo.

Kada kuma ki manta kina da ƙofa ta biyu, tunda kina rubuta Faransanci. A Faransa wakilai ba su yi yawa ba, yawancin marubutan yara kai tsaye suke aika wa kamfani, irin su L'école des loisirs da Gallimard Jeunesse. Abin lura a can shi ne kwangilar da suke kira à compte d'auteur, inda marubuci ne ke biyan kuɗin bugu. Wannan ki guje ta. Kuma ki dubi 'yar Marwa, Djaïli Amadou Amal. A Yawunde kamfanin Proximité ya fara buga littafinta Munyal a 2017, ya ci kyautar Orange ta littafin Afirka a 2019, sannan wani ƙaramin kamfani a Faris ya sake fitar da shi, ɗaliban lise na Faransa suka zaɓe shi ya ci kyautarsu ta Goncourt a 2020. Daga gida ta fara. Akwai Akoma Mba a Yawunde da ke buga na yara, akwai Ruisseaux d'Afrique a Kwatano, ga Cassava Republic a Abuja ga masu Turanci. Irin waɗannan suna zuwa baje kolin littattafan yara na Bologna a Italiya, inda ake cinikin haƙƙin fassara tun 1964.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna na rubuta maimakon in kira ki a waya. Idan Allah ya sa wakili ya ɗauke ki, ki tambaye shi tun ranar farko: wa zai riƙe haƙƙin sayar da littafin a Afirka? Kamfanonin Ingila sun saba karɓar haƙƙin Birtaniya haɗe da ƙasashen Commonwealth, kuma Najeriya na ciki, Kamaru ma ta shiga tun 1995. Ma'ana, izinin buga littafinki a garinku yana iya komawa Landan ba ki ankara ba. Na Faransa kuma sukan karɓi na duk duniyar masu Faransanci. Ki yi lissafi da kanki. Yuro ɗaya sefa 656 ne. Littafin yuro 15 ya kusa sefa dubu 10 tun bai hau jirgi ba, balle ya sauka Duwala ya biyo hanya har Garwa. Na sha ganin uba ya ɗaga irin wannan, ya juya bayansa, ya ajiye a hankali, ya sayi na jerin makaranta kawai ya fita. Yaran Lagdo da kika rubuta labarinsu ba za su taɓa riƙe shi ba. Ki nemi a ware haƙƙin Afirka, ko aƙalla na Kamaru da Najeriya da Cadi da Nijar, don wani kamfanin gida ya buga mai araha. Haƙƙin fassara zuwa Hausa da Fulatanci kuma ki riƙe abinki, su ba abin da za su yi da shi sai ajiya. Wakilin kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba. Wanda ya yi miki dariya a kai, kin ga halinsa tun da wuri.

Kada ki bar koyarwa saboda wannan. Kuɗin gaba da kamfani ke bayarwa kashi-kashi yake zuwa, wani a sa hannu, wani a miƙa gyararren rubutu, wani sai littafin ya fito, kuma ba za ki ga riba a kansa ba sai cinikin ya mayar da shi. Duk takardar da aka turo miki, kada ki sa hannu sai wanda ya san dokar haƙƙin mallaka ya karanta, ni ma ki turo min in gani.

Sauran babukan ki ba direban da ya saba kawo mana saƙo, a takarda, don idona ba ya jure karatu a waya. Innarki ta ce in tambaye ki ko an ga yaron a ƙarshe, na ce mata ni ma ban sani ba. Ta kuma ce ki aiko mata da zumar Adamawa idan an samu mai kyau.

Allah ya yi miki jagora, ya tsare ki.

Mahaifinki