Ba kowane zafin fitsari ne "sanyi" ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin jama'a kan wata ɗabi'a da ta daɗe tana damuna, wato yadda muke kiran duk wani zafin fitsari da suna "sanyi", sannan mu garzaya kemis mu sayi kafso, ko mu tsaya wurin masu tallar magani da lasifika a kasuwa, ba tare da an gwada fitsarin ba.

Gaskiya ne cewa mafi yawan lokuta ƙwayoyin cuta ne ke shiga mafitsara, musamman wadda ake kira E. coli, mai zama a cikin hanji. Mata sun fi kamuwa saboda bututun fitsarinsu gajere ne, kimanin santimita 4, alhali na namiji yakan kai santimita 20, shi ya sa ake so mace ta riƙa yin tsarki daga gaba zuwa baya. Akwai kuma cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, waɗanda dole a yi wa miji da mata magani tare, in ba haka ba ciwon ya yi ta dawowa. Tsakuwar ƙoda da kumburin furosteti (wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ga dattawa su ma suna jawo zafin fitsari, haka nan sabulai masu ƙarfi da wasu kayan matsi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsargiya. Ɗan yayata, yaro mai shekara 11, ya yi watanni yana kuka duk lokacin da zai yi fitsari, jini na biyo bayan fitsarin, ana ta ɗura masa kafso iri-iri, har wasu na cewa alamar balaga ce. Da aka kai shi asibiti aka duba fitsarinsa, sai ga ƙwan tsutsar tsargiya. Wannan tsutsa tana fitowa ne daga dodon koɗi da ke cikin kududdufai da magudanan noman rani, ta huda fatar mai wanka ko mai aiki a ruwan. Kafso ba ya kashe ta, maganinta shi ne firazikwantel, kuma idan aka bar ta shekaru tana iya lalata ƙoda, har ta kai ga sankarar mafitsara.

Ina kira ga mai juna biyu, da mai ciwon suga, da duk wanda zafin fitsarinsa ya haɗu da zazzaɓi, amai ko ciwon kwiɓi, su tafi asibiti a ranar, domin mai yiwuwa cutar ta hau ƙoda. Hukumomin lafiya kuma ina roƙonsu su faɗaɗa rabon maganin tsargiya, ya wuce makarantun boko ya isa tsangayu da rugage, inda yaran da suka fi wanka a kududdufi suke.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Jihar Jigawa.