Zuwa Ga Aminina a Kano, Kan Shirinku Na Ranar Zaɓe

Jidda, Saudiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da uwargida da yara. Yaya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai zafin bakin teku da hidimar aiki.

Saƙon muryarka ya iso, na saurare shi har ƙarshe. Na zaɓi in amsa a rubuce ne, don in na kira ka gardama za mu ɓige da ita, kowa na katse ɗan'uwansa. Na yi murna da aka ce kai za a sake ba wakilcin jam'iyya a rumfarku. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ka ce ana yi a taronku, wai unguwannin da ba ku da ƙarfi ba sai an sha wahalar neman ƙuri'arsu ba, a dai baza jita-jitar za a yi rigima, mata da dattawa su zauna a gida. Ka faɗe ta kana dariya, ka ce ai kowa na yi. Wallahi ni ban ga abin dariya ba.

Kai ne fa ka kira ni a watan Maris na 2019 muryarka na rawa. Abba Kabir Yusuf na gaba da ƙuri'a sama da 26,000 aka ce zaɓe bai kammala ba, inkwankulusib. Ranar 23 ga wata aka sake a wasu rumfuna, ka ba ni labarin mazaɓar Gama, yadda matasa da gorori da adduna suka cika layuka, mutane suka koma gida da katinsu a aljihu. Aka ƙare Ganduje ya ci da ratar da ba ta kai 9,000 ba. Ranar ka ce mini an yi muku fashi da rana tsaka. To abin da kuke shiryawa yanzu ɗan'uwan wancan ne, ko da ba a zare makami ba. Matar da ta fasa fita saboda tsoro an ƙwace mata ƙuri'a, ko gora aka nuna mata ko ƙarya aka tura mata a WhatsApp.

Muna da majalisa a nan bayan sallar isha'i, wurin wani mai shayi mutumin Katsina. Akwai masu jar hula, akwai 'yan tsintsiya, akwai wani dattijo da har gobe lema yake yi. Da an taɓo zaɓe, mai jar hula zai jawo Gama. Ɗan tsintsiya zai ce a tuna ƙuri'u 165,663 da kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke a Satumban 2023 saboda babu hatimi da sa hannu a bayansu. Sai a mayar masa da cewa ai Kotun Ƙoli ta tabbatar da Abba ranar 12 ga Janairun 2024. Haka za a yi ta yi har shayi ya huce, kowa ciwon jikinsa kaɗai yake ji. Ban taɓa jin ɗayansu ya tambayi inda sauran mutane suka shiga ba.

Duba mana. A Kano mutum kusan miliyan 5.9 ne ke da rajista a 2023, amma ƙuri'un Abba da na Gawuna in ka haɗa ba su cika miliyan biyu ba. A ƙasa baki ɗaya mutum miliyan 93 da ɗoriya suka yi rajista, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba, wajen kashi 27 cikin ɗari. A 2003 kusan kashi 69 ne, a 2015 ya sauko wajen 44, a 2019 wajen 35. Tinubu ya hau mulki da ƙuri'a miliyan 8.8, wato ko mutum ɗaya cikin goma na masu rajista bai kai ba. Duk wanda ya ci a cikinsu da irin wannan lissafin zai ci.

Ba na zargin wanda ya zauna a gida a 2023. An sha wuya da canjin kuɗi, mutum na da kuɗi a banki ba shi da na mota. Wasu wuraren malaman zaɓe ba su iso ba sai da rana ta take. Ga sakamakon shugaban ƙasa da aka yi alkawarin ɗorawa a intanet daga rumfa nan take, aka wayi gari ana jira. Mutane sun gaji, kuma suna da hujja. Shi ya sa nake ganin zalunci ne a zo a ƙara musu da tsoro.

Kuma ko ta fuskar riba aka duba, kanku za ku cuta. A ce rumfa mai mutum ɗari bakwai, ɗari da hamsin suka fito. Mai jakar kuɗi da taliya da turmin atamfa ya sayi tamanin ya gama. In ɗari biyar suka fito, jakarsa ba za ta kai ba, kuma idanu sun yi yawa. Ƙarancin fitowa mai kuɗi yake yi wa aiki, da mai 'yan daba. Yau ku ne kuke ganin zai amfane ku, gobe wanda ya fi ku kuɗi zai yi muku shi a unguwarku, mutanenku kuma sun riga sun saba da zama a gida in an ce ƙura za ta tashi.

Wataƙila zaman da nake a nan ne ya sa abin ke yi mini zafi haka. Mu 'yan Najeriya mazauna waje har yanzu doka ba ta ba mu damar jefa ƙuri'a daga inda muke ba. A watan Fabrairun 2024 wani abokin aikina ɗan Indonesiya ya nemi izini ya tafi inda ofishin jakadancinsu ya shirya musu akwati. Ya dawo yana nuna mana ɗan yatsansa da shuɗin tawada, fuskarsa cike da fara'a, har ya ƙi wanke hannun sosai lokacin cin abinci. Na taya shi murna, amma zuciyata ta sosu. Akwai kuma dattawanmu na Shara Mansur a Makka, an haife su a nan, Hausa a bakinsu tangaran, wasunsu ba su taɓa dangwala wa kowa ba a duniya. In sun ji ana cewa mutum na da kati a Kano ya ƙi fita, ko an hana shi, sai su riƙe baki.

Aikin wakili yana da yawa ba sai an haɗa da wancan ba. Ka isa kafin ƙarfe takwas da rabi, ka ga na'urar tantance masu zaɓe, wato BVAS, tana kan sifili kafin a fara tantancewa. Ka tabbata malamin zaɓe na buga hatimi da sa hannu a bayan kowace takarda, tunda kun ga abin da rashinsa ya kusa jawo muku. Duk wanda ke kan layi kafin biyu da rabi yana da haƙƙin jefawa, naku ne ko ba naku ba, ka tsaya masa. A ƙirga a gaban jama'a, ka duba kada ƙuri'u su zarce adadin waɗanda aka tantance, ka karɓi kwafinka na takardar sakamakon rumfa, wato EC8A, ka ɗauki hoton wanda aka liƙa a bango. A kasa, a tsare, a raka, kamar yadda muka yi ta faɗa tun zamanin da muke bin Buhari tare. Samarin da ake son turawa yaɗa jita-jita kuma, a tura su gida-gida su rako tsofaffi.

Ina roƙonka don girman zumuncinmu, in an sake kawo maganar a taro ka tashi ka ce ba da kai ba. Ana jin maganarka a mazaɓar nan, na sani.

Ka tuna wa ƙanwata ta je ta mayar da rajistarta unguwar da ta tare, kada ta bari sai an rufe. Akwai dabino da zamzam da zan ba wani maƙwabcinku da ya zo Umara ya kawo wa Baba. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, da liman, da duk 'yan majalisar ƙofar gida. Ina jiran amsarka.

Wassalam,
Naka, amininka na Jidda