Ƙarfin Tabar Siga Daban, Ɗacinta Daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina neman ɗan fili a jaridarka domin in yi gyara a kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mashaya tabar siga, wato ƙatuwar tabar nan ta naɗin hannu da Kyuba ta yi suna a kanta. Da zarar taba ta ƙona wa mutum harshe, ta bar masa ɗaci a maƙogwaro, sai ka ji ya ce ai mai ƙarfi ce. Ba haka ba ne. Ƙarfi yana nufin yawan sinadarin nikotin da yadda yake taɓa jiki. Kaurin hayaƙi da cikar ɗanɗano a baki wani abu ne daban. Ɗaci da raɗaɗi kuwa, mafi yawan lokuta laifin ajiya ne ko laifin mai zuƙa. Maganata da waɗanda suka riga suka saba ne, ba da sabon shiga ba.

Ƙarfin yana farawa ne tun daga gona. Ganyen da ke ƙasan tsiron taba, wanda masu sana'ar a Kyuba ke kira volado, siriri ne, ba shi da wani ɗanɗano na a zo a gani, amfaninsa ya riƙe wuta. Na tsakiya, seco, shi ke kawo ƙanshi. Na can sama, ligero, shi ya fi shan rana, ya fi daɗewa a jikin tsiro, saboda haka ya fi kauri, ya fi maiƙo, ya fi nikotin. Shi ya sa ake barinsa ya kwanta shekara biyu ko fiye bayan an tsima shi kafin ya shiga hannun mai naɗi. Akwai ma wasu ƙananan ganye biyu da kan fito a ƙololuwar wasu tsirai kawai, medio tiempo, waɗanda aka sa a cikin tabar Kyuba mai suna Cohiba Behike da ta fito a 2010. Idan an ce taba mai cikakken ƙarfi ce, to an yawaita ligero a cikinta ke nan. La Flor Dominicana Double Ligero ta ma rubuta abin a sunanta.

Ƙasa ma tana da nata rabon. Ganyen Vuelta Abajo da ke lardin Pinar del Río shi ne ƙashin bayan irin su Partagás da Bolívar, waɗanda ake lissafawa cikin masu nauyin Kyuba. A Nikaraguwa, ganyen Estelí ya yi suna wajen yaji da ƙarfi, na Jalapa ya fi taushi da zaƙi, kuma gwanin haɗi yakan gwama su. Joya de Nicaragua Antaño 1970 na daga cikin waɗanda suka sa aka san ƙasar da taba mai bugu. Abin da ba ya nuna ƙarfi shi ne launin rigar waje, wato ganyen da ake naɗe tabar da shi daga waje. Baƙar riga, wadda ake kira maduro, irin ta San Andrés a Meziko ko Broadleaf ta jihar Connecticut a Amurka, ta yi duhu ne saboda an tsima ta da zafi na tsawon lokaci, kuma sau da yawa zaƙi take ƙarawa. Za ka iya samun baƙar taba mai sanyin hali, ka kuma sami mai hasken riga da za ta zaunar da kai. Ganyen ciki ne ke da hukunci.

To ga inda aikin yake. Tunda ligero kauri gare shi da maiƙo, a hankali yake cin wuta, shi ya sa mai naɗi ke sa shi a tsakiyar kara, ya kewaye shi da ganyen da ke saurin kamawa. Idan tabar ta sha danshi fiye da kima, wannan tsakiyar sai ta ƙi ci. Mutum ya yi ta ja da ƙarfi don kada ta mutu, wuta ta yi zafi, hayaƙi ya yi ɗaci. Ka'idar da aka saba ji ita ce danshi kashi 70 cikin ɗari, amma ga taba mai yawan ligero na fi ganin dacewar 65, ko ƙasa da haka kaɗan. Zafin wurin ajiya ya tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyos. Idan ya haura haka sosai, ga kuma danshi, ƙwan ƙwaron taba kan ƙyanƙyashe, sai ka buɗe akwatin ajiyar taba ka tarar da ƙananan ramuka zagayayyu a jikin riga da gari a ƙasa. Maganinsa a rufe tabar cikin leda mai zif, kwana guda a firji, kwana uku a firiza, a sake kwana guda a firji kafin a fito da ita, don kada canjin sanyi na farat ɗaya ya fasa rigar. Kuma kada a zuba wa abin jiƙa akwati ruwan famfo, tataccen ruwa kawai ake sawa, in ba haka ba funfuna ce za ta biyo baya.

Tabar da ta sha tafiya a bar ta ta huta mako biyu ko fiye a akwati. Wadda aka naɗa kwanan nan kuma tana iya tashi da warin amoniya mai sukar hanci, alamar ganyen bai gama zama ba. Wannan ba ta da magani sai haƙuri na watanni. Akwai kuma wata dabara da ƙwararru ke yi: a ciro karan da za a sha a ajiye shi cikin busasshen akwatin katakon sida na kwana ɗaya ko biyu. Yana rage danshin da ya yi yawa, kuma bambancin a fili yake ga taba mai baƙar riga mai maiƙo.

Girma ma abin dubawa ne. Ana auna kaurin kara da kashi ɗaya cikin 64 na inci guda, don haka mai lamba 50 faɗinta ya kusa milimita 20. Partagás Serie D No. 4, mai tsawon milimita 124 da kauri 50, ita ce misalin girman da ake kira robusto, kuma takan ci minti 45 zuwa awa guda. Girman da ake kira Churchill mai tsawon inci 7 takan kai awa ɗaya da rabi, wato nikotin ɗin da zai shiga jiki ya ƙaru ke nan. Siririya irin lancero mai lamba 38 tana saurin ɗaukar zafi, ba ta yafe wa mai gaggawa.

Wajen yanka, milimita biyu zuwa uku sun isa. A kan tabar akwai 'yar hula ta ganye da ke riƙe da rigar. A yanke sama da inda kan ya fara lanƙwasa, da reza mai kaifi biyu, a datse lokaci guda ba tare da jinkiri ba. Idan an zarce hular, rigar za ta fara warwarewa a baki. Kafin a kunna a ja iska a ji. Ya kamata a ji 'yar turjiya kaɗan. Idan ta toshe ƙam, a murza karan a hankali tsakanin yatsu a nemo wurin da ya yi tauri, a sassauta shi, ko a zura siririn tsinken ƙarfe ta kai. Masu huda 'yar ƙaramar ƙofa maimakon yanka su sani cewa a taba mai maiƙo, kwalta kan taru a bakin ƙofar ta ɗiga a harshe, kuma babu ɗacin da ya kai wannan.

A kunna da laita mai iskar butan, ko doguwar ashana bayan kanta ya gama ci, ko siririn tsinken sida. Laita mai fetur da kyandir suna bar wa ganye warinsu. Kada harshen wuta ya taɓa tabar. A riƙe ta sama da shi kaɗan, ana juya ta, har gefen ƙafar, wato bakin da ake kunnawa, ya yi baƙi ko'ina, sannan a sa a baki a ja sau biyu ko uku ana ci gaba da juyawa. A hura wa ƙafar iska a duba: idan wani ɓangare bai yi ja ba, a gyara shi nan take, domin shi ne zai sa gefe guda ya tsere wa ɗan'uwansa daga baya.

Sai zuƙa, wadda ita ce komai. Sau ɗaya a minti guda, ko kusa da haka. Ba a haɗiye hayaƙin siga zuwa huhu. A bar shi ya zagaya baki na daƙiƙa biyu ko uku a sake shi. Hayaƙinta ba irin na sigari ba ne, nikotin ɗinsa ta fatar baki yake ratsawa, don haka ko ba a haɗiye ba yana isa jini. Toka tana faɗa wa mai lura gaskiya. Idan aka karkaɗe ta aka ga garwashin ya yi tsini kamar kan fensir, an yi sauri. Idan ya shige ciki ya bar riga a tsaye ba ta ci ba, an yi jinkiri da yawa ko rigar ta jiƙe. A bar toka ta kai santimita biyu zuwa uku kafin a sauke ta, tana kare garwashi daga iska tana rage zafi. Masu son su ji asalin ƙanshin, na masoro ko koko ko jemammiyar fata, sukan fitar da ɗan hayaƙi ta hanci. Da taba mai ƙarfi a saki mafi yawansa ta baki tukuna, a bar ɗan saura kawai wa hanci, in ba haka ba idanu za su yi ruwa, hancin kuma ya dushe na ɗan lokaci.

Mutane da yawa kan yanke wa taba hukunci a santimita biyun farko, musamman ta Nikaraguwa da ke buɗewa da yaji kafin ta lafa. Tsakiya ce ke nuna gwanintar mai haɗi. Kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe kuwa nan ne kwalta da nikotin ke taruwa, don duk hayaƙin da ya wuce ta nan ya bi. A nan sai a ƙara tazara tsakanin zuƙa. Idan ɗaci ya fara, a hura iska a hankali ta cikin karan zuwa waje na 'yan daƙiƙu, yana korar gurɓataccen hayaƙin da ya maƙale. Idan ta mutu, a karkaɗe toka, a hura, a sake kunnawa. Cikin awa guda ba ta cika lalacewa ba, amma wadda ta kwana ta tashi daga aiki. Zoben takardar da ke jikin tabar kuma a bar shi sai zafi ya sassauta gam ɗinsa, cire shi da wuri yana yage riga.

Sabo ba ya hana nikotin kayar da mutum. Ba a shan irin wannan taba da yunwa ko da sassafe. Bayan abinci mai nauyi ne lokacinta, a zaune, a wuri mai iska, da ruwa a kusa. Baƙin kofi yana tafiya da ita a ɗanɗano, sai dai shi ma yana ƙara bugun zuciya. Alamomin an wuce gona da iri su ne gumi mai sanyi a goshi, jiri, shaƙuwa, yawan miyau da tashin zuciya. Da an ji na farko a ajiye tabar, a fita a sha iska, a sha ruwa. Mashaya sun daɗe suna tsotsar sukari ko shan abu mai zaƙi a irin wannan hali, da yawa kuma suna cewa yana sauƙaƙa musu. Haɗiye miyau mai kwalta shi ma yana tayar da ciki.

Ranka ya daɗe, ba zan yi wannan bayani in ɓoye ɗaya gefen ba. Tsadar taba da kyan naɗinta ba sa rage illarta. Babbar siga guda tana iya ɗaukar ganyen da ya kai na kwalin sigari sukutum, kuma ko ba a haɗiye hayaƙi ba tana jawo sankarar baki, maƙogwaro da maƙoshi, tana lalata dasashi, tana kuma kama mutum ya kasa bari. Hayaƙinta yana cutar da na kusa, don haka ba a kunna ta a rufaffen ɗaki inda yara ko masu juna biyu suke. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ba nasa ba ce.

Idan ta rage kamar faɗin yatsa biyu, ko ta fara zafi a leɓe, an gama. Ba a murtsuke ta kamar guntun sigari, domin hakan na tayar da wari mai ɗaci da ke kama tufafi da labule. A kwantar da ita a farantin toka, cikin 'yan mintuna za ta mutu da kanta, sannan a fitar da guntun waje.

Naka,
Wani mai karatu