Kafin Ka Tafi Salala

Assalamu alaikum ɗana,

Mahaifiyarka ta ce hutun bana za ka bar zafin Maskat ka gangara Zufar, can kudancin Oman. Na ji daɗi. Amma tafiyar ta kai kilomita 1,000, kada ka ce kai kaɗai za ka tuƙa mota dare da rana.

Ka daidaita zuwanka da lokacin da suke kira harif, daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba. Iska ce ke kwaso danshi daga teku, duwatsun da suka kewaye Salala, babban birnin Zufar, su tare ta, sai yayyafi da hazo su sauka, ƙasa ta yi kore shar. Lokacin da na ga Wadi Darbat, ruwa na zubowa daga kan dutse, raƙuma na kiwo cikin ciyawa, sai da na manta a ƙasar Larabawa nake.

To, hazon nan shi ne abin tsorona. A hanyar dutse sai raƙumi ya ɓullo gabanka ba sallama. Ka rage gudu. A gaɓar Mugsail kuma, inda ruwa ke tsartuwa sama ta ramukan dutse, ka tsaya bayan shinge. Teku a wannan lokaci ba ta san gwani ba, hoto kuwa bai kai ranka ba.

Abin da na fi so ka ba lokaci shi ne tarihin lubban. Turaren nan ƙaro ne da ake samu idan an tsaga bawon wata bishiya, kuma shi ya arzuta yankin tun kafin Musulunci. Ka je kufan Sumhuram ka ga tashar da jirage ke lodinsa, ka shiga gidan tarihi na Al-Balid, garin da Ibn Battuta ya ziyarta a ƙarni na 14. A 2000 UNESCO ta sa wuraren nan cikin kayan tarihin duniya, tare da Wadi Dauka inda bishiyoyin suke.

Za a nuna maka kabarin da ake cewa na Annabi Ayuba ne, a kan dutsen Ittin. Ka yi sallama cikin ladabi, roƙonka kuwa ga Allah kaɗai.

Mutanen duwatsun suna da yarensu, Jibbali. Kada ka ɗauki kowa hoto sai ka nemi izini, balle mata.

Mahaifiyarka na jiran tsarabar lubban, ta ce hojari take so, wato nau'insa mafi daraja.

Mahaifinka