Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ya ƙoƙari, ya jama'a?

Ka fi ni sanin alƙaluman. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna kashi 16 cikin ɗari na mutanen Kano masu shekara 15 zuwa 64 na ta'ammali da kayan maye, sama da mutum miliyan ɗaya ke nan. A shekarar ce BBC ta nuna wa duniya matasanmu ɗaure da sarƙa a Ɗorayi, gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. A Janairun 2023 aka sanar Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta kawar da tsohuwar ta 1958. Duk 10 ga Oktoba kuma, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, a taru, a raba riguna da huluna, a sha jawabi. Madalla. To bayan an watse, masanin halayyar ɗan'adam nawa aka ɗauka aiki a asibitocinmu? Nawa aka ware wa bincike?

Likitan ƙwaƙwalwa yana rubuta magani, kuma muna bukatarsa. Amma wanda zai zauna da yaron da ya bar tiramol, mako bayan mako, ya gano abin da ke mayar da shi majalisar abokan shaye-shayensa, wannan aikin masanin halayya ne. Shi ne muke nema ruwa a jallo.

Ranka ya daɗe, ka sa a nemo maka tarihin marigayi Farfesa Malik Badri. Ɗan Sudan ne, an haife shi a Rufa'a a 1932, ya yi digirin digirgir a Leicester ta Ingila, ya rasu a Malesiya a 2021. Tun a 1965 ya gwada awon basirar nan na Turawa da ake ce wa yaro ya zana mutum. Yaran karkarar Sudan suka samu maki kaɗan. Da wani ne, da sai ya rubuta "daƙiƙai ne" ya wuce. Shi kuwa ya lura da yawansu ba su saba riƙe fensir ba, har ya gwada sa yara su yi zane da yatsa. Ashe abin awon ne bai dace da su ba. A 1979 ya fitar da littafi kan tsaka mai wuyar da Musulmi masana halayya ke ciki, yana gargaɗin kada a haɗiye ra'ayin Freud, Baturen nan masanin halayya, gaba ɗaya. Daga baya ya fassara aikin Abu Zaid al-Balkhi, wanda tun ƙarni na tara ya bambance baƙin ciki mai sanadi da wanda ke saukar wa mutum babu dalili. Yau daga Malesiya har Turkiyya ana karantar da ilimin halayya bisa hanyar da ya share.

Abin da ya gani a Sudan shi ne ke faruwa a ɗakunan duba marasa lafiyarmu. Mai jego za ta zo ta ce, "Likita, wani abu ne ke min yawo a jiki, kaina na ɗaukar zafi, ba na barci." A auna ta, a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a ba ta farasitamol. Ta koma gida, uwar miji ta ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Ba na raina addu'a, Allah ya kiyaye. Amma ciwon damuwa ne ke cin baiwar Allah, kuma takardar tambayoyin da za ta tona shi an tsara ta ne don matan wata nahiyar.

Ga Jami'ar Bayero, ga Asibitin Malam Aminu Kano, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, duk a jiharmu. Matasan da za su yi wannan bincike suna nan, kuɗin aiki da gurbi suke jira. Don Allah a sa musu layi na kansu a kasafin kuɗin baɗi, a buɗe guraben masana halayya a Asibitin Murtala da manyan asibitocin ƙananan hukumomi, a koya wa ungozoma da malaman jinya gane alamun. Maganar gidajen mari da aka rufe a 2019 da inda mutanensu suka koma, sai wani jiƙon.

Allah ya yi maka jagora. Za mu duba kasafin.

Naka,
Wani malamin jinya mai ritaya, Gwale, Kano