Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zango Na Kumasi Kan Shagunan Magani A Unguwanninmu

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, mu talakawanka ne iyaye mata da maza na Aboabo da Asawase, mun kawo kuka kan yadda ake sayar da magani a wasu shagunan unguwa. Ba wai muna so a rufe ma kowa shago ba ne, dan wallahi mun san darajarsu, su ne ke buɗe mana ƙarfe sha ɗayan dare in yaro ya ɗau zazzaɓi, wasu ma har bashi suke ba mu in babu sidi a hannu. Amma abun ya fara ba mu tsoro.

Ni mai rubutun nan mahaifiyata na da ciwon suga, allurar insulin take yi kullum. Insulin kuwa firij yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, to ranan da aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta tun safe, na je saye da yamma yaron shago ya ciro mun kwalba daga firij ɗin da ya daɗe da hucewa, harda ruwan leda da lemo a ciki, na taɓa na ji ɗumi, na yi magana ya ce ai ba komai Hajiya haka muke ba kowa. Mai shagon baya nan, yaron kuma ɗan makaranta ne da bai san komai kan magani ba, kuma shi ake barin ma shago har dare. Da tsohuwa ta yi allurar nan sugan bai sauka ba wa za mu kama?

Sai yanka katin magani da almakashi a ƙunsa ma mutum ƙwaya uku a takarda, ba suna, ba ranar da zai lalace, ba bayanin yadda za a sha. Ga magani a jere gaban taga rana na dukansa wuni guda. Maganar tramol kam Sarki ya fi mu sani, FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, 50mg da 100mg kawai ta amince da su kuma sai da takardar likita, amma samarinmu na samun mai 225 kaman alawa, sirof mai kodin ma da gwamnati ta hana tun 2018 bai ɓace ba.

Ranka ya daɗe doka tana nan, Act 857 ta 2013 ta ba Pharmacy Council, hukumar kula da masu sayar da magani, ikon ba da lasisi da bin shaguna, kuma mai lasisin ƙaramin shago ba a yarje masa sayar da maganin da sai likita ya rubuta ba. Roƙonmu shi ne Sarki ya tara masu shagunan a fada tare da asambuliman, wato kansila, na kowace unguwa, a gayyato ma'aikatan Pharmacy Council da FDA na ofishin Kumasi su zo su duba da idonsu, kowa ya liƙa lasisinsa na bana inda mai saye zai gani, wanda kuma ba shi da janareto ko wata hanyar riƙe sanyi dan Allah ya daina ajiye insulin. Muna kuma roƙon limamanmu su taɓo maganar a huɗubar Juma'a.

Duk ranar da fada ta sa za mu zo da kwalaben da ƙunshin takardun da muka ajiye a gani.

Allah ya taimaki Sarki.
Talakawanka na Aboabo da Asawase.